Dashen haƙorin gaba: me ke sa dasashi ya ja baya ko ya yi duhu?

Baban Khairat, Jidda

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar likitocin haƙori da ke cikin wannan zaure.

Ƙanwata ce, shekarunta 27. Haƙorinta na gaba na sama, na ɓangaren hagu, saiwarsa ta tsage a ƙarƙashin wata tsohuwar hula, wato rufin da ake sa wa haƙori. An ɗauki hoto, an ce ba ya gyaruwa, sai cirewa. Ba ta da ciwon suga, ba ta shan taba. Tana da wushirya, kuma in ta yi dariya dasashinta na sama yana fitowa sosai.

Asibiti biyu, magana biyu. Na farko ya ce a cire a dasa rana ɗaya, ta fita da haƙorin wucin gadi, bayan wata 3 a sa na dindindin. Na biyu ya ce a cire, a jira kamar wata 2, sannan a dasa tare da ƙarin garin ƙashi, daga baya a yanko 'yar tsoka daga ganɗarta a ƙara wa dasashin. Duka aikin zai ci wata 8 ko 9, kuɗin ma ya fi yawa.

Abin da ke damunta shi ne yadda muke ganin wasu masu dashen gaba a nan Jidda. Wani haƙorin ya fi ɗan'uwansa tsawo, wani dasashin samansa ya yi toka-toka, wani kuma da ɗan baƙin rami a tsakanin haƙora. Me ke jawo haka, ƙarfen da ake dasawa a ƙashi ne ko hular da ake ɗora masa? Wace shawara ta fi? Kuma wushiryar za ta tsira?

Likitar Dasashi, Riyad

Wa alaikumus salam Baban Khairat, Allah ya ba ta lafiya. Abubuwa ukun nan da ka lissafa ba kasafai hula ke jawo su ba, kuma ba rashin kyan ƙarfe ba ne. Maganar ƙashi ce da dasashi. Ido dasashi yake gani, shi kuma dasashi ƙashi yake bi, yadda rufin rumfa ke bin dirkokinta: dirka ta gajarce, rufi ya sauka.

Ƙashin da ke rufe saiwar haƙorin gaba ta wajen leɓe siriri ne ƙwarai. A yawancin mutane kaurinsa bai wuce milimita 1 ba, wasu ma rabin haka. Jinin da ke ciyar da shi kuwa, mai yawa daga cikinsa ta zaren da ke ɗaure saiwa da ƙashi yake zuwa. Ranar da aka cire haƙori zaren nan ya tafi, sai wannan bangon ƙashin ya shiga narkewa. An auna wannan a gurbin haƙoran baya, aka ga faɗin ƙashi kan ragu da kusan rabi cikin shekara ɗaya, kuma kashi biyu cikin uku na asarar a wata 3 na farko take faruwa. A gaba, inda bangon ya fi siranta, lotsawar ta fi fitowa fili. Jama'a na zaton in an soka dashe a ramin nan take ƙashin zai tsaya cak. Ba ya tsayawa, don dashe ba shi da wancan zaren. Shi ya sa ko a rana ɗaya aka dasa, sai an cika tsakanin dashen da bangon da garin ƙashi.

Haƙorin da ya fi ɗan'uwansa tsawo, dasashi ne ya ja sama, mai haɗa hula kuma dole ya bi shi ya rufe wurin. Babban sanadi shi ne an kafa dashen ya matso wajen leɓe. Akwai binciken da ya gwada wannan a dashen rana ɗaya: waɗanda suka matso wajen leɓe dasashinsu ya ja baya kusan milimita 1.8, waɗanda aka kafa ta wajen ganɗa kuwa kusan 0.6. Ninki uku ke nan, daga wurin zama kawai. Ma'aunin da muke bi:

- Kan dashen ya nutse milimita 3 zuwa 4 daga inda ake son bakin dasashi ya tsaya.
- A bar aƙalla milimita 2 na ƙashi, ko gurbin da za a cika da garin ƙashi, tsakanin dashen da fuskar leɓe.
- Tsakaninsa da saiwar maƙwabcin haƙori kada ya gaza milimita 1.5.
- Dashe biyu a jere, tsakaninsu milimita 3.
- Kaurin dashen a babban haƙorin gaba ya tsaya wajen milimita 4 ko ƙasa kaɗan. Mai kauri yana cinye wurin da ƙashi ya kamata ya zauna.

Toka-tokar da kuke gani, titaniyam ne, ƙarfen da ake yin dashe da shi, ke leƙowa ta cikin siririn dasashi. In kaurin naman ya gaza milimita 2, launin ƙarfe yana hudowa. In ya kai 3, ido ba ya gane abin da ke ƙasa. Gwajin mai sauƙi ne, likita zai zura siririn ma'aunin dasashi a bakin haƙorin. In ana hango ƙarfen ma'aunin ta cikin naman, dasashin siriri ne, kuma irin wannan shi ya fi saurin ja da baya. A nan ƙarin tsokar ganɗa yake da amfani, ba ƙarin kuɗi ba ne kawai.

Baƙin ramin tsakanin haƙora kuma, ɗan tsinin dasashin da ke cike wurin ne ya faɗi. Abin da mutane ba su sani ba, tsinin da ke tsakanin dashe da haƙori na asali ba dashen ke riƙe da shi ba, ƙashin da ke manne da saiwar maƙwabcin ne. A 1992 Dennis Tarnow da abokan aikinsa suka auna nisan da ke tsakanin kan ƙashi da wurin da haƙora biyu suka taɓa juna. In milimita 5 ne ko ƙasa, kusan kowane lokaci tsinin yana cike wurin. A milimita 6 ya koma kashi 56 cikin 100, a 7 kashi 27. Milimita biyu kacal suka kawo wannan bambanci. Don haka in ƙashin maƙwabcin ya riga ya sauka, babu hular da za ta tsirar da tsinin, kuma mayar da shi ta hanyar tiyata yana cikin ayyuka mafi wuya a fanninmu. Tsakanin dashe biyu abin ya fi tsanani, matsakaicin tsayin naman bisa ƙashi wajen milimita 3 da rabi ne kawai. Shi ya sa wanda ya rasa babban haƙorin gaba da ƙaramin da ke gefensa, sau da yawa dashe ɗaya muke sawa, a rataya ƙaramin a jikin hularsa.

Game da shawara biyun nan, dashen rana ɗaya hanya ce ingantacciya, amma da sharuɗɗa: bangon wajen leɓe yana nan bai fashe ba kuma ya kai milimita 1, dasashi mai kauri ne, babu mugunya, kuma akwai ƙashi milimita 3 zuwa 4 bayan ƙarshen saiwa wanda dashen zai kama ya tsaya ƙyam. Saiwar da ta tsage a tsaye takan daɗe tana ɗiga ƙwayoyin cuta, ta cinye bangon ta gefen tsagar tun kafin mai ita ya ji zafi. In ka haɗa wannan da dariyar da ke bayyana dasashi, ni na fi karkata ga shawara ta biyu. Jiran sati 6 zuwa 8 yana ba nama damar rufe gurbin, sai likita ya sami abin da zai lulluɓe garin ƙashin da shi.

Amma ba a yanke wannan hukunci da ƙaramin hoto ko hoton da ke nuna baki gaba ɗaya, don ba sa nuna kaurin bangon. Hoton CBCT ake buƙata, wanda ke nuna ƙashi ta kowane ɓangare har da kaurinsa. Ku ce wa kowane likita ya buɗe hoton a gabanku ya nuna bangon wajen leɓe, ya faɗi kaurinsa da lamba. Kuma kada a cire haƙorin kafin a gama wannan tsari, tun ran gini tun ran zane.

Mai Haɗa Haƙora, Makka

Likita ta gama magana a kan ƙashi. Ni bari in taɓa ɓangarenmu na ɗakin haɗa haƙora, musamman wushiryar, don ita ce za ta iya ɓata aikin ba tare da kowa ya lura ba sai an gama.

Malam Baban Khairat, wushirya tana tsira, amma sai an tsara ta tun farko. In aka cire haƙorin, giɓin da zai bayyana faɗin haƙori ne haɗe da faɗin wushirya. Likitan da ya kafa dashe a tsakiyar wannan giɓi da ido kawai, ya riga ya karkatar da shi wajen tsakiyar fuska. Daga nan mu zaɓi biyu ya rage mana, ko mu yi hula mai faɗi ta cinye wushiryar ta fi ɗan'uwanta girma, ko mu yi ta daidai amma wuyanta ya fito a karkace. Ga kuma wata kafa ta jijiya a ƙashi, a bayan manyan haƙoran gaba biyu, dashen da ya matsa tsakiya yana iya faɗawa cikinta. Maganin wannan, kafin a cire haƙori a ɗauki awon bakin da na'ura ko da kwaɓi, a ɗauki hotuna tana murmushi da tana dariya sosai, a zana hular a kwamfuta a gurbinta na asali, sannan a buga abin jagora da likita zai ɗora a baki ya huda ta cikinsa. Hula ce ke faɗa wa dashe inda zai zauna.

Wani abu kuma, ta gefen wushirya babu haƙorin da ya taɓa hular, don haka lissafin milimita 5 ɗin nan bai shafi wurin ba, dasashin can dama shimfiɗe yake. Sai dai gefen hular a buɗe yake tun daga sama har ƙasa, duk wani layin haɗi ana ganinsa. Dole bakin hular ya shige ƙarƙashin dasashi ta wannan gefen kamar yadda ya shige ta gaba.

Haƙorin wucin gadi da ake ɗaurawa a kan dashe ba don rufe kunya kawai ake sa shi ba, da shi ake sassaƙa dasashi. Kan dashe zagaye ne mai faɗin milimita 4, wuyan haƙorin gaba kuwa ya fi haka faɗi kuma kusan kusurwa uku yake. Ana ƙara abin cike a wuyan na wucin gadin kaɗan-kaɗan, bayan kowane sati 2 ko 3. In an ɗaura, dasashi zai yi fari saboda matsi. In farin bai washe cikin minti 10 ba, matsin ya yi yawa, a rage. Ta wajen leɓe, can ƙasa, lotsa wuyan ake yi don nama ya sami wurin yin kauri. Wanda ya kumbura wurin, shi ya tura dasashin sama da hannunsa. Wannan mataki yakan ci wata 3, wani lokaci har 6. Masu tsallake shi su ne ke aiko mana da awon rami zagaye su ce mu yi haƙori mai kama da na asali.

Wuyan da ke haɗa dashe da hula, a gaba mun fi son zirkoniya, wani farin tangaran mai ƙarfi, a kan gindin titaniyam, ko titaniyam da aka rina ruwan zinari, wanda ke ba nama launi mai ɗumi maimakon toka. Hular kuma a ɗaura ta da noti ta bayan haƙori in hali ya yi. Simintin da ake manna hula da shi yana zurarewa ƙarƙashin dasashi inda ba a gani. A wani bincike na 2009, cikin dashe masu kumburin dasashi da aka leƙa, kashi 81 cikin 100 an tarar da ragowar siminti. In kusurwar dashe ta sa ramin noti zai ɓullo ta gaba, akwai wuya mai karkatacciyar kafa da ke gyara har kusan digiri 25.

Sai launi. Hula ba ta yin fari da maganin goge haƙora, ba ta kuma rinewa daidai da na asali. Mai shan gahawa da shayi ko mai cin goro, a wanke haƙoran, in za a ƙara musu haske a yi, a jira sati 2, sannan a ɗauki launi. Wanda ke da haƙorin Makka a maƙwabcin gurbin kuma a duba bakin hular zinarin. In ba ta zauna daidai ba tana tara datti, ta cinye ƙashin nan da Likita ta ce shi ke riƙe da tsinin dasashi.

Baban Khairat, Jidda

Allah ya saka da alheri, Likita da Malam, an buɗe mana ido. Ƙarin tambaya. Garin ƙashin nan daga ina ake samo shi? Mun ji ana cewa wani na alade ne. Sannan dasashinta mai duhu ne kamar na yawancinmu, ganɗa kuwa ja ce. In an ƙara mata, ba zai fito kamar faci ba? Kuma tana son zuwa gida hutu nan da wata 4, za ta iya?

Likitan Tiyatar Baki, Madina

Tambayarka tana kan hanya, Malam, kuma haƙƙin mara lafiya ne ya sani. Abubuwa biyu ake sawa, garin ƙashi da fatar da ake lulluɓe shi da ita don kada nama ya kutsa cikinsa kafin ƙashi ya tsiro. Garin iri huɗu ne: naka da ake kankarowa daga muƙamuƙinka, na ɗan'adam da aka sarrafa, na dabba, da na haɗi. Wanda ya fi shahara, Bio-Oss, daga ƙashin saniya ake yin sa. Akwai wasu na alade, akwai na doki. Inda aka fi cin karo da alade shi ne a fatar, misali Bio-Gide daga alade take. Akwai fata ta saniya, akwai ta ɗan'adam, akwai ta haɗi wadda ba ta narkewa, sai an sake buɗewa an cire. Ku nemi a nuna muku kwalin kafin ranar aiki, asalin abin a rubuce yake a jiki. Hukuncinsa kuma na malamai ne, mu namu mu faɗi gaskiyar abin da ke cikin kwali mu kawo madadi.

A gaba ana son garin da ba ya saurin narkewa a fuskar waje, shi ya sa ake ɗora na saniya ko na haɗi a sama, a sa ɓarɓashin ƙashin mutum a jikin dashen. Naka yana saurin kamawa amma yana saurin raguwa, wancan kuma yana riƙe da tudun shekaru.

Maganar faci, ya danganta da irin yankan. In an ɗauko tsokar ganɗa da fatarta aka manna a sama, tabbas takan riƙe launin ganɗa, a dasashi mai duhu kuma sai ta fito fili. Wannan ba a yin sa a gaban baki ga mai irin dariyarta. Wanda ake yi, ana ɗauko naman ciki kawai, kaurin milimita 1 zuwa 1.5, daga tsakanin fiƙa da turmin farko, a cusa shi ƙarƙashin dasashinta. Nata ne a sama, launinta ne zai bayyana. Abin da ya fi dacewa a kula da shi a dasashi mai duhu shi ne tabo, don layin yanka yakan warke da haske. Ku tambayi likita inda zai yanka. A guji yankan tsaye a saitin haƙoran gaba, a kai shi can wajen fiƙa ko bayanta, ko a yi aikin ta ƙarƙashi ba tare da an ɗaga tsinin dasashi ba. Duhun dasashi yana ɗan ɓoye tokar ƙarfe, gaskiya ne, amma ba ya hana nama ja da baya, kada a dogara da shi.

Zan ɗan bambanta da Hajiya Likita a wuri ɗaya. In CBCT ya nuna bangon yana nan lafiya, dashen rana ɗaya da garin ƙashi da ƙarin tsoka a zama guda yana kare tsinin dasashi fiye da jira, saboda haƙorin wucin gadi yana tallafe da naman tun ranar farko. Sharaɗinsa dashen ya kama da ƙarfin da ya kai 35 a ma'aunin ɗauri, na wucin gadin kuma kada ya taɓa haƙoran ƙasa ko kaɗan. Abin da ban yarda da shi ba a shawarar asibitin farko shi ne babu maganar garin ƙashi, babu maganar kaurin dasashi, ga hular dindindin a wata 3. Dasashi yakan ci gaba da motsi bayan nan. In bangon ya fashe kuwa, ni da ita bakinmu ɗaya.

Cirewar kanta rabin aiki ce. Ba a girgiza haƙorin gaba zuwa wajen leɓe. Da siraran kayan aiki ake yanke zaren da ke ɗaure saiwa da ƙashi, in ta kama a raba saiwar biyu a fito da ita gutsure-gutsure.

Bayan tiyata, sati 2 ba buroshi ba aswaki a wurin, sai kurkure baki da maganin kulohekzidin mai ƙarfin kashi 0.12 cikin 100 sau biyu a rana. Kada a zarce da shi fiye da yadda aka ce, yana rina haƙora. Ba a ɗaga leɓe ana leƙawa, jan leɓe yana buɗe ɗinki. Ana cire zare tsakanin kwana 10 da 14. Ganɗa takan yi zafi fiye da wurin dashen a satin farko, faranti na roba da ake rufe ta da shi yana taimakawa. Haƙorin cire-ka-mayar da zai danna gurbin yana lotsa garin ƙashin, gara irin na roba mai haske wanda ke hawa kan sauran haƙora. Taba, shisha, da shamma da ake cusawa a leɓe duk suna rage jinin da ke zuwa wurin, tsokar da aka dasa tana iya mutuwa. Mai ciwon suga kuma a daidaita shi tukuna, a ga gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku.

Tafiya gida za ta yiwu in an tsara. Lokacin jiran ƙashi ya kama, bayan an cire zare da sati 3 ko 4, shi ne lokacin da ya fi dacewa. Kada ta yi tafiya cikin sati 2 na farko bayan ƙarin ƙashi, a nan ne ɗinki ke buɗewa. Ta karɓi takardar da ke ɗauke da sunan kamfanin dashen da girmansa ta ajiye, don kowane kamfani da irin notinsa da abin kwance shi. Rajistar likita kuma ana iya duba ta a wurin hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya lasisi a Saudiyya.

Maman Sultan, Makka

Salamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Wanda aka riga aka yi masa fa? Na maigida shekara 3 ke nan, saman haƙorin ya yi duhu, wani siririn ƙarfe ya fara leƙowa, kuma yana jini in ya yi aswaki. Ba ya ciwo. Akwai gyara ko sai cirewa?

Likitar Dasashi, Riyad

Wa alaikumus salam Maman Sultan. Jinin nan shi za a fara bi kafin maganar kyau. Rashin ciwo ba ya nuna lafiya, cutar da ke cin ƙashin dashe ba ta cika yin zafi ba sai ta yi nisa. Mataki biyu ne. Na farko kumburin nama ne kawai, ƙashi bai taɓu ba, wannan yana warkewa da wankewa da gyaran tsafta. Na biyu ƙashi ya fara narkewa. Ba abu ne mai wuyar samu ba, wani nazari na 2015 da ya tattara bincike da dama ya sami na farkon a kusan kashi 43 cikin 100 na masu dashe, na biyun kusan kashi 22.

Ya je a zura ma'auni a kewayen dashen a rubuta zurfin, a ɗauki ƙaramin hoto a gwada da wanda aka ɗauka ranar da aka sa hular. In hular da noti take, a kwance ta a duba. In da siminti take, a nemi ragowarsa a ƙarƙashin nama.

In ƙashi lafiya yake kuma dashen bai fito wajen leɓe sosai ba, akwai gyara. Ana cire hular, a sa siririn wuya ko a rufe dashen gaba ɗaya na wasu makonni don nama ya tsiro ya cike, a ƙara tsokar ganɗa, a jawo dasashi ƙasa, a koma haƙorin wucin gadi na wasu watanni, sannan sabuwar hula da wuyan zirkoniya. Duhun yakan tafi. Ja da bayan kuwa, in milimita 1 ko 2 ne ana samun ci gaba mai kyau, amma rufewa a kan dashe ba ta kai ta kan saiwar haƙori tabbas ba, don jini ba ya zuwa daga jikin ƙarfe. Duk wanda ya yi muku alkawarin komawa daidai ɗari bisa ɗari tun bai kwance hular ba, ku nemi ra'ayi na biyu.

In kuwa dashen ya fita daga cikin ƙashi ta gaba, har ana jin ƙarfen da yatsa ta saman dasashi, ƙarin tsoka ɓata kuɗi ne, zai sake ja. Sai dai a warware shi da abin juyawa baya, a gina ƙashi, a jira wata 4 zuwa 6, a sake dasawa a gurbin da ya dace. Wanda leɓensa ke rufe wurin ko yana dariya, kuma babu cuta, yana iya barinsa a riƙa dubawa. Akwai kuma tangaran mai launin dasashi da ake ƙarawa a wuyan hula, sai dai wanda aka saba kawowa ruwan hoda ne, ga mai dasashi mai duhu dole mai haɗawa ya ga bakin da idonsa ya haɗa launin, kuma wurin yana da wuyar tsaftacewa.

Kafin ya ga likita, ya daina dirza aswaki a kwance a bakin dashen, ya koma buroshi mai laushi yana sharowa daga dasashi zuwa haƙori. Ya riƙa zagaya zaren sakace a wuyan dashen sau ɗaya a rana, ko ɗan buroshin tsakanin haƙora mai rufin roba, ba tsinke ba. Kada ya daina wanke wurin don yana jini, barinsa ne ke ƙara kumburin. In ya ga mugunya, ko ya ji hular tana motsi, kada ya wuce wannan satin bai je ba.